Wa Zai Riƙe Yaron Ranar Juma'a? Lacca kan Rage Ranakun Makarantar Firamare

 

A watan Disamba na 2021 gwamnatin Jihar Kaduna, zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i, ta fara mayar da makon aikin ma'aikatanta kwana 4, ta ce tana so mutane su sami sararin hutawa da zama da iyali da leƙa gona. Da aka koma zango na biyu a watan Janairu na 2022, sai tsarin ya iso makarantun gwamnati: Litinin zuwa Alhamis, Juma'a kowa ya zauna gida. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, Jihar Edo ta zarce nan, ta ce yara su riƙa zuwa kwana 3. Ke nan maganar da aka ba ni yau ta riga ta shigo mana gida, kuma duk lokacin da aljihun gwamnati ya yi zafi za a sake jin ta a wata jihar. Abin da zan kare a gabanku shi ne, ranar da aka yanke daga makon makaranta tana nan daram, yaron yana nan, cikinsa yana nan, buƙatarsa ta mai kula da shi tana nan. Gwamnati ce kawai ta sauke nauyin ranar daga kanta ta ɗora wa gida, a cikin gidan kuma ba kowa ne yake ɗauka daidai ba.

Mu fara da lissafi, don shi ba ya son kai. Idan muka ɗauka shekarar karatu mako 36 ce, cire rana ɗaya a mako ya cinye kwana 36 a shekara. A shekara 6 na firamare sun zama kwana 216, alhali shekarar karatu mai kwana biyar-biyar gaba ɗayanta kwana 180 ce. Yaron da ya yi firamarensa duka a kan kwana huɗu ya rasa ranakun da suka fi aji guda cur. Masu goyon bayan tsarin suna da amsa a kan wannan, kuma amsar ba ta banza ba ce. Suna cewa sa'o'i ake ƙirgawa, za a kwashe na Juma'a a rarraba wa sauran ranakun, a ƙara lokacin tashi, manhaja ta kammalu yadda aka saba. A kan takarda lissafin ya fita. Sai dai akwai ƙasar da ta gwada mako mai kwana huɗu a kan miliyoyin yara har tsawon shekaru, kuma ya kamata mu duba abin da ta gani.

Faransa nake nufi. Tun dokar Jules Ferry ta 1882 ake barin yaran firamare rana ɗaya a tsakiyar mako domin iyaye su kai su koyon addini a wajen makaranta. Da farko Alhamis ce, a 1972 aka mayar da ita Laraba, amma ana cike giɓin da karatun safiyar Asabar. A 2008, ministan ilimi Xavier Darcos ya soke Asabar ɗin, mako ya koma kwana 4, sa'a 6 kowace rana, jimilla sa'a 24. Yaron Faransa ya zama yana zuwa makaranta kwana 144 kacal a shekara, a lokacin da matsakaicin ƙasashen ƙungiyar OECD yake wajen kwana 187, amma ranarsa tana cikin mafi tsawo a Turai. Ba a yi shekara biyu ba, a 2010, majalisar manyan likitocin ƙasar ta fitar da rahoto tana sukar tsarin, tana cewa ya saɓa wa yadda jikin yaro yake tafiya: ranar ta yi masa tsawo, hutun ƙarshen mako kuma yana rikita masa lokacin barci, ya dawo Litinin bai dawo daidai ba. Wannan a ƙasar da ajin ke da sanyi, yara ba su cika yawa ba, ana kuma cin abincin rana a makaranta.

To mu kawo shi nan. Ku ɗauki ajin 'yan aji biyu a Zariya ko Birnin Gwari a watan Afrilu, ƙarfe biyu na rana. Rufin kwano ne babu silin, ajin ya cika maƙil, na baya suna zaune a ƙasa. Kuɗin tara da aka ba yaro da safe ya ƙare tun hantsi a kan awara biyu da ruwan leda. Malam yana tsaye gaban allo tun ƙarfe takwas, muryarsa ta dushe, alli ya mayar masa da hannu fari. Yarinyar da ke bakin taga ta kifa kai a kan jakarta, na kusa da ita yana kallon ƙofa. Wannan ita ce sa'ar da aka ce za ta maye gurbin ƙarfe tara na safiyar Juma'a. Duk malamin da ke cikin wannan ɗaki ya san ba su zama ɗaya ba, shi ya sa tun can jadawali yake ajiye lissafi da karatu da safe, ya tura wasanni da zane can baya. Akwai kuma abin da masu tsara jadawali a ofis suke mantawa: yaronmu makaranta biyu yake yi. In ya tashi boko zai ci abinci, ya yi wanka, ya ɗauki allo ko jakar Islamiyya kafin la'asar. Duk sa'ar da aka ƙara wa boko da rana, daga wannan ɗan tsakanin aka ciro ta, ko kuma daga Islamiyyar kanta.

Binciken Amurka ya zo da abin da ya yi daidai da wannan. A can, kafin annobar korona, makarantu sama da 1,600 a jihohi 24 suna kan mako mai kwana huɗu, yawancinsu a karkara. Paul Thompson na Jami'ar Jihar Oregon ya bi sakamakon jarrabawar yara a jiharsa, ya ga maki ya sauka a lissafi da karatu bayan sauya tsarin, ya kuma danganta saukar da raguwar lokacin zama a makaranta, domin ƙarin da ake yi wa sauran ranakun ba ya cike abin da aka yanke. Cibiyar RAND ta fitar da nata babban rahoton a 2021, kuma adalci ne in faɗi abin da ke cikinsa duka. Iyaye da ɗalibai da malamai sun nuna suna son tsarin ƙwarai, ƙananan yara sun ɗan ƙara samun barci. Amma da aka kwatanta gundumomi masu kwana huɗu da makamantansu masu kwana biyar, sai aka ga ci gaban karatu ya fi tafiyar hawainiya a masu huɗun, giɓin kuma yana faɗaɗa shekara bayan shekara. Haɗarin ke nan. Illar ba ta bayyana a zangon farko, lokacin da kowa yake murna da doguwar ƙarshen mako. Tana taruwa a hankali, sai ranar da yaro ya kai aji shida yana haɗa baƙi da ƙyar, a lokacin kuma wanda ya sa hannu a takardar ya daɗe da barin ofis.

Yanzu mu shiga gida. Masana tattalin arziki biyu, Emma Duchini da Clémentine Van Effenterre, sun yi nazarin abin da Larabar Faransa take yi wa iyaye. Sun ga iyaye mata masu 'ya'ya a firamare sun fi maza nesa ba kusa ba wajen barin aiki ranar Laraba, da yawansu sun haƙura da cikakken aiki sun koma na rabin lokaci saboda ita. Da aka dawo da karatun safiyar Laraba daga 2013, mata suka ƙara fita aiki a ranar, albashinsu ya ɗan matso kusa da na maza. Babu dokar da ta ce uwa ce za ta zauna, amma uwar ce ta zauna. Na san abin da wani zai ce: mu ba Turawa ba ne, gidajenmu ba sa rasa mutum, akwai kaka, akwai abokiyar zama, akwai maƙwabta, mata da yawa ma sana'arsu a cikin gida take. Gaskiya ne, kuma wannan ni'ima ce da ba a raina ta. Sai dai a tambayi ma'aikaciyar jinya da ke da aikin safe ranar Juma'a, asibiti ba ya rufewa. A tambayi malamar makarantar kuɗi wadda nata 'ya'yan suke ta gwamnati, da mai rumfa a kasuwa, da mai aikatau a gidan wasu, da matar da mijinta ya tafi cirani ta rage ita kaɗai a ɗakin haya a Rigasa. Ko a gidan da uwa take zaune, mu bi ranar mu ga inda ta faɗa. Da safe an gama ƙosai ko ɗanwake, ga yarinya 'yar shekara tara babu makaranta, wa za a ɗora wa farantin? Ranar da takarda ta kira hutu ta zama cikakkiyar ranar talla, ko ta renon ƙane, ko ta ɗiban ruwa. Namijin kuma a tura shi gareji ko shago in an yi sa'a, in ba a yi ba yana bakin titi. A unguwanni da yawa Islamiyya ma Alhamis da Juma'a take hutu, kamar yadda makarantar allo ta gada, don haka Juma'ar irin wannan yaro babu boko babu Islamiyya, wayam take tun asuba har magariba.

Kuma umarnin Kaduna makarantun gwamnati ya shafa. Ɗan mai hali yana makarantar kuɗi, motarsa tana zuwa ɗaukarsa ranar Juma'a kamar kullum, in ma an rufe tasa za a ɗauko masa malamin lesin. Shi da ɗan makarantar gwamnati jarrabawa ɗaya za su zauna ta shiga sakandare. A yankin da ya fi ko'ina a ƙasar nan yawan yaran da ba sa zuwa makaranta, inda aka shafe shekaru ana bin iyaye gida-gida ana lallashinsu su saki yara, ban ga hikimar hukuma da kanta ta koya wa gida cewa ana iya amfani da yaro a wani abin a ranar aiki ba. Uwar da ta ga cinikin Juma'a ya ƙaru ba za ta daɗe ba ta fara tunanin Alhamis.

Sai batun tsimi, wanda shi ne asalin dalili a yawancin wurare ko da an lulluɓe shi da wasu kalmomi. A 2011 hukumar da ke haɗa jihohin Amurka kan harkar ilimi ta duba abin da gundumomi suka tsimar da gaske bayan komawa kwana huɗu, ta ga tsakanin kashi 0.4 ne zuwa 2.5 cikin 100 na kasafinsu. An yanke kashi 20 na ranaku, an tsira da abin da bai kai kashi 3 na kuɗi ba. Dalilin a fili yake: mafi yawan kuɗin makaranta albashin malamai ne, shi kuwa na wata ne, ba ya raguwa. Ɗan abin da ake samu daga man motocin ɗalibai yake fitowa, da wuta, da ladan waɗanda ake biya da sa'a, wato direbobi da masu dafa abinci da masu shara. Ma'ana, mafi ƙarancin albashi a makarantar su ne suka biya. A wajenmu ma abin ya fi haka rauni, domin firamaren gwamnati ba ta da motar ɗalibai, da yawa ba su da wutar da za a kashe. Waɗanda za su ji a jikinsu su ne matan da ke jere a bakin ƙofa da robobin alale da gyaɗa da zoɓo, da mai Keke da ya yi jinga da iyaye a kan kai yara da ɗauko su. Lokacin da shirin ciyar da 'yan firamare na tarayya yake tafiya, kuɗin kowane yaro a rana ake ba masu dafawa, naira 70 da farko, daga baya 100. Rana ɗaya ta fita, kashi ɗaya cikin biyar na samunsu ya fita, yaron kuma ya rasa kwanon da wataƙila shi ne abincinsa mafi kyau a ranar.

Malamai fa? A nan ne hujjar ɗaya ɓangaren ta fi ƙarfi, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Malamin da yake zaune cikin gari aka tura shi ƙauye, kuɗin mota yana cin babban kaso na albashin da ba ya isa, wani lokaci ma ba ya zuwa a kan kari, in aka ce masa ya huta rana ɗaya an yi masa alheri na gaske. Yana buƙatar lokacin duba littattafan yara da rubuta shirin darasi, yana da gonarsa, yana da nasa iyalin. Amma a lura da abin da hukuma ta yi a nan: tana da bashin malami a wuyanta, na albashi da alawus ɗin sufuri da gidan zama kusa da makaranta, sai ta biya shi da ranar yaro, abin da ba nata ba. A Amurka gundumomin karkara da ba sa iya gogayya da birane a albashi suna tallata Juma'a don jawo malamai, dabarar kuma tana aiki ne muddin maƙwabta ba su kwaikwaya ba. Ranar da kowa ya koma kwana huɗu, an dawo inda aka fara, albashin yana nan yadda yake, yara ne kawai suka yi asara. Sannan malamar da ta huta Juma'a ita ce ta yi ranaku huɗu masu tsawo, ta dawo gida da yamma a gajiye, girki yana jiran ta.

Ana iya raba lokacin malami da lokacin yaro, kuma akwai inda aka yi. A Sikotland ɗan firamare yana yin sa'a 25 a mako, amma malami ba ya wuce sa'a 22 da rabi a gaban aji, wani malamin ne yake riƙe sauran. A Ingila tun 2005 malami yana da haƙƙin kashi 10 cikin 100 na lokacin koyarwarsa domin shiri da duba aiki. Wannan yana cin kuɗi, shi ya sa da tsimi ya matsa, wasu ƙananan hukumomin Sikotland a wajen 2015 suka kawo shawarar a rage sa'o'in yara su daidaita da na malamai, iyaye suka tayar da ƙura, har gwamnatin yankin ta sa a dokar ilimi ta 2016 ikon ƙayyade mafi ƙarancin sa'o'in karatu. A Bamingham wasu firamare suka fara sallamar yara da tsakar ranar Juma'a, abin da ya sa 'yar majalisa Jess Phillips ta kai ɗanta ta zaunar da shi a ƙofar gidan firaminista a Landan a watan Yuli na 2019, tana cewa tunda gwamnati ta kasa riƙe shi a makaranta, ta riƙe shi a nan. A makarantarmu mai malamai da dama, ana iya yin karɓa-karɓa, kowane malami ya sami rabin ranarsa a mako ba tare da an kulle ƙofa ba. Inda malamai biyu ne ke riƙe da aji shida, maganin a ɗauki malamai, kuma babu jadawalin da zai ɓoye wannan.

Saura hujjoji uku da ake yawan ji. Ana cewa Juma'a dama rabin rana ce, sha biyu ta yi an watse saboda masallaci. Haka ne, amma rabin da ake yi shi ne rabin safe, mai sanyi, wanda kan yaro yake buɗe. Cire shi kuma yana nufin daga azahar ɗin Alhamis sai safiyar Litinin, kwana uku cur ɗan aji ɗaya bai ga baƙi ba, a gidan da wataƙila babu littafi ko ɗaya na boko. Alarammomi sun san dalilin da ya sa ake tilawa kullum, kuma hutunsu bai kai haka ba. Ana cewa noma. Noma na damina ne, kuma babban hutu yana faɗawa a cikinta; in bai wadatar ba, a gyara kalandar zango ta dace da shuka da girbi, maimakon a yanke Juma'ar Fabrairu da babu abin da ake yi a gona. Garin da ranar kasuwa take kwashe yara, shi ma ana iya ba shi dama ya musanya ranar da wata, adadin ya tsaya biyar. Ta ukun ita ce ta masu cewa kwana biyar ɗin ma me ake koya, inganci ake nema. Ina tare da su a kan ciwon, amma ban taɓa ganin yadda rage zuwa yake gyara koyarwa ba. Malamin da ba ya shiga aji kwana biyar ba zai fara shiga don sun koma huɗu ba.

Abu na ƙarshe da ya kamata masu yanke shawara su sani shi ne wahalar komawa. A 2013 ministan ilimin Faransa Vincent Peillon ya dawo da mako mai kwana huɗu da rabi. Shekara biyar kacal aka yi a kan huɗun, amma kowa ya riga ya gina rayuwarsa a kai. Malamai suka yi yajin aiki a Paris, ƙananan hukumomi suka koka da kuɗin shirya wa yara abin yi bayan an tashi da wuri, duk da tallafin yuro 50 kan kowane yaro da gwamnatin tsakiya take bayarwa, iyaye da yawa suka ce yara sun fi gajiya. A 2017 minista Jean-Michel Blanquer ya ba kowane gari zaɓi, kafin shekara biyu sama da kashi 80 cikin 100 na garuruwan sun koma kwana huɗu, ko da yake Paris ta tsaya a kan huɗu da rabi. Likitoci ba su sauya ra'ayi ba, manya ne suka fi yara murya. Don haka duk jihar da matsin man fetur ko wani dalili ya tilasta mata rage ranaku, kwamitocin gudanar da makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai su nemi a rubuta ranar ƙarewar tsarin a cikin takardar da ta kafa shi. Su nemi a gwada karatun 'yan aji biyu da aji uku kafin a fara da kuma ƙarshen kowace shekara, a buga sakamakon kowa ya gani, a riƙa duba rajistar Litinin da Alhamis a ga ko fashi ya ƙaru, musamman na 'yan mata, a kuma tambayi masu dafa abinci da masu shara nawa ya ragu a hannunsu.